Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ma'adinai: a auna ruwa da iskar Imuraren kafin a ba wani lasisi

Zuwa ga Mai girma Ministan Ma'adinai na Jamhuriyar Nijar, tare da sanar da Ministan da ke kula da ruwa da muhalli, da Gwamnan Jihar Agadas, da Mai Martaba Sarkin Abzin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan awon ruwa ne da masu lura da yanayi da maginan rijiyoyi, wasunmu na bakin aiki, wasu sun yi ritaya. Muna magana ne da yawun makiyayan da ke shayar da raƙuma da awaki a rijiyoyin ƙaramar hukumar Dannat, da masu garake a ƙoramun Abzin, da mazauna Arlit da Akokan da Cirozerin, waɗanda ruwan shansu duka daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun kamfanin Orano, wurin ya koma hannun ƙasa. Ba mu zo yin gardama a kan wannan hukunci ba. Damuwarmu ita ce, tun daga lokacin ana ta maganar wanda zai gaji wurin, da yawan kason ƙasa, da kuɗin shiga, amma ba mu ji ana maganar wanda ke auna ruwa da iskar wurin ba, balle a nuna wa jama'a alƙaluman. Alhali wannan tsakanin da ake ciki, da babu injin da ke haƙa, shi ne lokaci mafi dacewa da awo. Ranar da aka tayar da famfo don tsotse ruwan rami, ranar ce damar sanin halin da wurin yake ciki kafin a fara fitar da ma'adini za ta wuce, kuma ba ta dawowa.

Imuraren yana kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, kilomita 160 arewa da Agadas. An gano ma'adinin a 1966, aka ba Areva, kamfanin Faransa da daga baya ya koma Orano, lasisi a 2009 da niyyar fitar da tan 5,000 a shekara har tsawon shekara 35, sannan aikin ya tsaya da farashi ya faɗi bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Dutsen wurin ba shi da ƙiba: abin da ke cikin tan ɗaya bai kai kilo ɗaya na yuraniyom ba. Ma'ana, kafin a samu tan 5,000 sai an niƙa dutse fiye da tan miliyan 5 kowace shekara, kuma kusan dukansa zai zauna nan a matsayin dusa. Dusar nan tana riƙe da kusan kashi 85 cikin 100 na tururin nukiliya mai cutarwa da dutsen yake fitarwa tun asali, domin yuraniyom kawai ake cirewa, radiyom da toriyom suna nan. Ga misali a gaban idonmu: mahaƙar yuraniyom ta kamfanin Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, ta bar dusa wajen tan miliyan 20 a gefen Akokan. Abu na biyu shi ne, dutsen yashin da ma'adinin Imuraren ke kwance a ciki, wanda masana ke kira Cirezrin na biyu, shi kansa makwancin ruwa ne. In rami za a haƙa, sai an tsotse ruwan. In kuma hanyar da aka so gwadawa daga baya za a bi, wato a tura ruwan asid ta rijiya ya narkar da ma'adinin a ƙasa a zuƙo shi kamar yadda ake yi a Kazakistan, to cikin ruwan ne kai tsaye za a zuba asid ɗin. Ko ta ina aka biyo, a kan ruwa maganar take ƙarewa.

Ƙorafinmu na farko a kan ruwan sama ne. Wanda ke zaune a Yamai zai ce me za a auna a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 150 a Agadas ba, a Arlit ma ko rabin haka ba a cika samu ba. Nan kuskuren yake. Jimlar shekara ba ita ke fasa madatsa ba, abin da ya zubo cikin minti 30 ne. Milimita 1 a kan fili mai murabba'in kilomita 1 lita miliyan ɗaya ce. A duwatsun Abzin kuwa ƙasa ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka gangarowa yake yi zuwa yamma, ya bi ƙoramu ya malala a filayen Talak da Ighazar. Sau da yawa sama tas take a kan mutum, sai ga ruwa ya iso daga hadarin da aka yi a kilomita 50 ko fiye. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, daren da ƙoramar Telwa ta karya shingenta ta shiga unguwanni. Injiniyan da zai zana tafkin ajiyar gurɓataccen ruwa da magudanar da za ta kewaye tudun dusa yana buƙatar sanin ruwa mafi ƙarfi da ake iya samu sau ɗaya a shekara 100. In ya ɗauko alƙaluman filin jirgin Agadas kaɗai ya ɗora wa Imuraren, ƙiyasi ya yi, ba awo ba.

Tashar awon yanayi ɗaya ba ta isa ba, domin ruwan hamada yanki-yanki yake zuba. Ana buƙatar cikakkiyar tasha a wurin haƙar, sannan ma'aunan ruwan sama a warwatse a saman kowace ƙorama da ke ratsa wurin, tun daga gindin duwatsu. Ma'auni mai ɗan cokali da ke kifewa duk bayan milimita 0.2 shi ya fi dacewa, a saita shi yana rubuta abin da ya samu duk minti 5. Sai dai yana da laifuffukan da wanda bai yi aiki da shi a daji ba ba zai sani ba. In ruwa ya yi ƙarfi sosai, wani yana zubewa a daidai lokacin da cokalin ke kifewa, sai lissafi ya yi ƙasa da gaskiya, a ranar da aka fi buƙatar gaskiyar. Guguwar da ke gabatar hadari tana cika mazurarin da rairayi minti kaɗan kafin ɗigon farko. Zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa na laka a ƙarƙashin cokalin, ya riƙe shi cak. Sai na'ura ta yi wata biyu tana aiko da sifili, wanda ke ofis ya rubuta cewa an yi fari. Maganin wannan ba wani abu ba ne mai tsada: a kafa ma'aunin hannu a gefe, mutum ya karanta shi kowace safiya, a riƙa gwama biyun. A kuma nisanta ma'aunin daga itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsawon abin, ninki huɗu ya fi, bakinsa kuma ya zauna daidai ba karkace ba.

Iska ma haka. A tsawon mita 10 ake auna ta, da ƙarfinta da inda ta fito, zafi da laima kuma tsakanin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, amma tsaunuka na karkatar da ita, don haka sai an auna a wurin. Wannan awo shi zai nuna inda ya kamata a tara dusa da inda bai kamata a yi sansanin ma'aikata ba, domin ƙura da radon, wato iska mai cutarwa da dusar ke fitarwa, hanyar iska suke bi. Radon kan rage rabi cikin kwana 3.8, lokacin da ya ishe shi yin tafiya mai nisa, kuma a daren sanyi da iska ta kwanta yakan taru ƙasa-ƙasa. Sai farantin awon ƙafewar ruwa, mai faɗin santimita 120.7 da zurfin 25. A kewaye shi da waya har sama, in ba haka ba abin da tsuntsaye da awaki suka sha za a lissafa shi a matsayin aikin rana, a zana tafkin da ake zaton zai ƙafe da wuri alhali cika zai yi.

Ƙorafi na biyu, wanda ya fi ci mana rai, shi ne ba mu san wata ƙorama a kewayen Imuraren da hukumar ƙasa ke auna gudunta tana bayyana wa jama'a ba. A da an yi irin wannan aiki a jihar: masanan cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM sun yi shekaru suna auna Telwa a Azel da Dabaga. Da tsohuwar zuma ake magani, ya kamata a tono waɗannan takardu. Amma Telwa daban, ƙoramun arewa daban.

Auna ƙorama ya fi auna kogi wuya. Kogin Kwara yana nan kullum, ma'aikaci na iya zuwa ranar da ya ga dama. Ƙorama kuwa takan yi gudu awa uku ko biyar, sau da yawa cikin dare, sau kaɗan a shekara, kuma lokacin hanya ta yanke. Saboda haka tun rani ake shiri. A zaɓi wurin da ƙoramar ta miƙe, gaɓarta ba ta zaizayewa, in da hali inda gindinta dutse ne, ko kuma gada da kwalbatin hanyar Tawa zuwa Arlit. A kafa sandunan awo na mita ɗaiɗai hawa-hawa a gaɓa, a ɗaure tsawonsu da wata alamar siminti da ke can tudu inda ruwa ba ya kaiwa, domin in ambaliya ta tafi da sanda a san inda za a mayar da sabuwa. Na'urar da ke auna matsin ruwa a sa ta cikin bututun ƙarfe mai huji, a bar 'yar'uwarta a sarari tana auna matsin iska don a cire shi daga lissafi. Wanda ya manta da wannan zai ga ruwa na hawa da sauka a ƙoramar da ta bushe ƙayau. Inda akwai gada, na'urar rada da ke leƙen ruwa daga sama ta fi, tunda rairayi ba ya binne ta. Akwai kuma wata dabara mai arha da ba ta buƙatar batir: bututu a tsaye, da sanda a ciki, da ɗan garin gawayi ko na toshiyar kwalba a gindinsa. Ruwa ya hau, garin ya taso ya manne a jikin sandar, ya bar zane a iyakar inda ruwan ya kai. Ko wannan babu, washegarin ambaliya a je a duba jikin itatuwan ƙaya: za a ga layin ciyawa da kashin raƙumi maƙale a reshe, wani lokaci sama da kan mutum. A sa fenti a wurin kafin iska ta share shi.

Tsawon ruwa kaɗai ba ya faɗin yawansa, sai an haɗa da sauri. A auna tazarar mita 50 a gaɓa, a jefa abin da ke yawo a kan ruwa, a ƙirga daƙiƙu, a ninka saurin da 0.85 saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. A ce faɗin ƙorama mita 40 ne, zurfi rabin mita, saurin sama mita 2 a daƙiƙa: ruwan da ke wucewa mita kubik 34 ne kowace daƙiƙa, sama da 120,000 a awa ɗaya. Bidiyon wayar hannu da aka ɗauka daga wuri ɗaya tsayayye yana taimakawa ƙwarai. Abin da ke ɓata aikin yawanci shi ne gindin rairayi: kowace ambaliya tana kwashe shi ko ta ƙara shi, sai jadawalin da ke haɗa tsawo da yawa ya tashi daga aiki. Dole a sake auna fasalin gindin bayan kowane babban ruwa. A kuma ɗebi ruwan farko da lakar da ya ajiye, a san yawan yuraniyom da ƙoramar ke ɗauke da shi tun kafin a fara fitar da ma'adini.

Na uku, ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mafi yawansa tsohon ruwa ne da ya shiga ƙasa shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da hamada ke da dausayi, kuma abin da ke komawa cikinsa yanzu kaɗan ne. Makwantansa hawa-hawa suke, da laka a tsakani: akwai na rairayin ƙorama da rijiyar makiyayi ke kaiwa da guga, akwai makwancin Cirezrin da wanda shi ma ake kira Telwa, can ƙasa kuma akwai irin su Tarat da Gezuman da aka sani a Arlit. Tambayar da kowane makiyayi zai yi ita ce, in an tsotse na ƙasa, nasa zai bi? Ba a amsa wannan da baki. Sai an haƙa rijiyoyin awo rukuni-rukuni, kowace ɗaya ta buɗe ga makwanci guda tak, a toshe sauran tsawonta da siminti da lakar bentonait. Rijiyar da aka yi wa toshiyar ganganci ita da kanta take zama hanyar da ruwa mai guba zai hau ya shiga mai kyau, kuma tsofaffin ramukan bincike da ke warwatse a filin tun shekarun baya suna iya yin wannan ɓarna. Ya kamata a ƙirga su a duba yadda aka rufe su. Aƙalla rijiya uku ake buƙata a kowane makwanci kafin a san inda ruwan ya dosa, wasu a sama da wurin haƙa, wasu a ƙasa da shi. A yi gwajin famfo na awa 72 ba tsayawa, ana kallon ko rijiyoyin hawa na sama sun motsa. Daga nan a riƙa auna zurfi da igiyar awo kowane wata, har da rijiyoyin gargajiya, a gaban masu su.

Wajen ɗibar samfuri ne ake yawan yin aikin banza. Ruwan da ya kwana cikin bututu ba shi ne ruwan ƙasa ba, sai an zubar da ninki uku na abin da ke ciki. Bututu mai faɗin santimita 10 da ruwa mita 50 yana ɗauke da kusan lita 390, ke nan sai an fitar da wajen lita 1,200 kafin a cika kwalba. Tsami da gishiri-gishiri da zafin ruwan nan take ake auna su a bakin rijiya. Na binciken ƙarafa a tace shi da matata mai mikron 0.45, a ɗiga masa asid na naitirik har ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 2. In ba a yi ba yuraniyom zai manne a jikin kwalba a hanyar Yamai, sakamako ya fito fes alhali ba haka ba ne. Cikin kowace kwalba goma a sa ɗaya ta biyu ba tare da an gaya wa ɗakin gwaji ba, da wata mai tsabtataccen ruwa zalla, don a kama kuskure. A yi haka duk wata uku. A nemi yuraniyom, radiyom 226, jimlar tururin alfa, salfet, naitiret, fuloraid, asenik, seleniyom da molibdenom. A sa ido musamman a kan salfet, domin ya fi yuraniyom saurin tafiya cikin ƙasa, shi ne ɗan aiken da ke fara isowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom a ruwan sha a maikirogiram 30 cikin lita, tururin alfa kuma 0.5 cikin lita a ma'auninsa da ake kira bekerel.

Abin da ya faru a Arlit ya isa darasi. An fara haƙa a 1971. Sai daga 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit da ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa suka fara awo mai zaman kansa, a 2009 kuma ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ɗebi samfurin ruwa biyar, huɗu suka wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita a lokacin. Aka shiga jayayya, wannan na cewa haƙa ce, wancan na cewa haka ƙasar take. Ruwa ba ya tsami banza, amma a ƙasar da dutsenta ke da yuraniyom tun fil azal, ba mai iya raba gardamar sai wanda ya riƙe alƙaluman kafin haƙa. Wannan awo kariya ce ga makiyayi, kariya ce ga gwamnati ranar da za ta nemi diyya, har shi kansa kamfanin da zai zo, don kada a ɗora masa abin da ya tarar.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A nemo dukan alƙaluman ruwa da yanayi da tsohon mai lasisi ya tara a Imuraren, ɗanyensu yadda na'ura ta rubuta, tare da taswirar kowace rijiya da bayanin yadda aka gina ta. Taƙaitaccen rahoto ba zai wadatar ba. A ajiye kwafi a ma'aikatar ruwa, da hukumar yanayi ta ƙasa, da Jami'ar Agadas.

A kafa tashoshin da muka zayyana da sunan ƙasa, ba da sunan kamfani ba, kuma kada hukumar tantance tasirin muhalli ta ƙasa, BNEE, ta karɓi wani binciken tasirin muhalli a ƙarƙashin dokar 14 ga Mayun 2018 in bai ƙunshi awon aƙalla damina uku a jere ba. Damina ɗaya a wannan ƙasa ba ta nuna komai: bana a yi ambaliya, baɗi ƙorama ko motsi ba za ta yi ba. Kuɗin aikin a rubuta shi cikin yarjejeniyar duk wanda za a ba wurin, ya biya cikin asusun da ba shi ke sa hannu a fitar ba. Cibiyar horo kan yanayi da ruwa ta AGRHYMET tana nan Yamai, makarantar ma'adinai ta Abzin tana Agadas. Ba sai an ɗauko mutum daga waje don karanta sandar awo ba.

A rubuta iyakoki tun yanzu, da lamba, cikin lasisin: in ruwan rijiyar awo ya sauka da mita kaza, ko salfet ya haura kaza a kan asalinsa, ga wanda za a sanar cikin kwana nawa, ga famfon da za a kashe, ga wanda zai kawo wa dabbobi ruwa. Lambobin kansu awon ne zai ba da su.

A ɗauki mutanen wurin aiki, da albashi na wata-wata, ta hannun hakimai da shugabannin ƙabilu. Mun san halin tsaro a yankin, mun kuma san makomar faifan sola da batirin da aka bari a daji ba mai shi. Wanda rijiyarsa ke kusa shi zai goge ƙurar faifan duk mako, ya zazzage mazurari, ya duba batir da zafin watan Mayu ke kashewa, shi ne kuma kaɗai zai kasance a gaɓa da tsakar dare in ruwa ya zo. Kowace tasha ta riƙa ajiye alƙalumanta a cikinta ko da layin waya ya yanke.

Sakamakon kuma a fitar da shi duk wata uku, a manna a ofishin magajin garin Dannat da na Arlit, a karanta a gidajen rediyon jihar da Tamashek da Hausa da Fulatanci, a faɗi sunan kowace rijiya yadda masu ita ke kiranta, ba lambar da ke cikin kwamfuta ba. Duk ƙungiyar da ta so ɗibar nata samfurin a bar ta ta tsaya tare da ma'aikata ta cika kwalbarta a rijiya ɗaya, rana ɗaya.

Ƙoramun Abzin sukan fara gudu ne a watan Yuli. Siminti na son lokacin bushewa, sanduna na son a daidaita su, masu lura na son horo na aƙalla mako biyu. In ana so a kama damina mai zuwa, sai kayan sun kasance a kafe kafin ƙarshen Mayu, umarnin kuma ya fito daga ofishinku tun cikin sanyi. A shirye muke mu zauna da ma'aikatanku mu nuna wuraren da suka dace a kan taswira.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalamu alaikum.

Daga wasu ma'aikatan awon ruwa da yanayi da maginan rijiyoyi, Agadas.